Me zai dawo da masu saye da baƙi Kasuwar Kurmi da cikin birni?

Ɗan Bakin Kasuwa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga kuma nan ne ya dace in ajiye ta, tunda a cikinmu akwai 'yan kasuwa da malamai da ma'aikata, akwai kuma iyayenmu mata waɗanda suka fi kowa sanin inda kuɗin cefane da na biki yake ƙarewa. Ni a Kasuwar Kurmi na buɗi ido, kuma rumfar kayan fata da nake zaune a cikinta gadonta na yi daga mahaifina, shi ma daga nasa mahaifin. Lokacin da nake yaro, idan aka aike ni in kai wa Baba abincin rana, sai na yi ta raɓe-raɓe kafin in ratsa layinmu saboda yawan jama'a: Buzaye da rawunansu, Barebari, mutanen karkara masu haɗa kayan aure, wani lokaci har da Turawa da ɗan rakiyarsu. Yau kuwa akwai ranar da za a kira azahar ban yi cinikin ko sisi ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Kano ba ta rasa masu saye ba. Duk wanda ya bi ta Kantin Kwari da hantsi ya san abin da nake nufi, haka Singa, haka Dawanau, haka Farm Centre wajen masu waya. Kuɗi yana shigowa garin nan kullum, amma sai ya tsaya a bakin ganuwa, bai cika ƙarasowa tsakiyar birni ba, alhali tsakanin Kwari da Kurmi ba wata doguwar tafiya ba ce. To, me ya kamata mu yi, mu masu rumfuna da masu unguwanni da hukuma, domin jama'a su dawo? Ina roƙon a faɗa mana gaskiya ko da za ta yi ɗaci, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mazaunin Hotoro:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tunda gaskiya ka nema, a ganina ciwon ya wuce na shafa magani. Mai saye na yau yana da mota ko yana shiga A Daidaita Sahu, yana son ya sauka a ƙofar inda za shi, ya ga kaya a fili cikin haske, ya biya, ya fita a cikin minti talatin. Kurmi an tsara ta ne domin mai tafiya a ƙasa da mai jaki da ayarin raƙuma, kuma wannan zamanin ya wuce. Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo a 2014 muka ga yadda iyalai suke ɗibar yara su tafi can ko da ba wani abin kirki za su saya ba, saboda akwai wurin ajiye mota, akwai sanyi, akwai tsafta. Shawarata ita ce gwamnati ta shiga yarjejeniya da masu zuba jari, a biya masu rumfuna diyya ko a ba su shaguna a sabon gini, a rushe tsofaffin rumfunan, a ta da benaye masu wurin motoci a ƙasa, a faɗaɗa hanyoyin da suka shigo kasuwar. Na san maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma ban ga wata hanya ba.

Malamin Tarihi:

Ranka ya daɗe, na fahimci inda ka dosa, sai dai idan aka bi shawararka za a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Bari mu fara da misalin da ka kawo. Babban kantin Shoprite da ke cikin wancan katafaren gini ya rufe reshensa na Kano a farkon 2024, kuma ba rashin sanyi ko rashin wurin mota ne ya sa ya rufe ba. Ke nan gini mai ƙyalli shi kaɗai ba ya lamunce wa kowa ciniki. Benayen shaguna kuwa yanzu babu titin da babu su a garin nan, kuma kowa yana ganin yadda saman wasunsu yake zama babu kowa. Idan muka mayar da Kurmi ɗaya daga cikinsu, da wace hujja mutumin Hotoro zai baro na kusa da gidansa ya keto cunkoso ya zo namu?

Abin da Kurmi take da shi wanda kuɗi ba ya ginawa shi ne asalinta. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta, kuma shi ne ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa ake rinawa a nan suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Jemammiyar fatar akuya da Turawa suka sani da sunan fatar Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara. Wato tun asali abin da ya kawo mutane Kurmi shi ne suna samun abin da hannun mutanen garin ya yi, wanda ba sa samu a wani wuri.

Tunda na ambaci Maroko, ya kamata mu dubi tsohon birnin Fas. Lungunansa sun fi namu matsi, mota ba ta shiga, da alfadarai da kura ake shigar da kaya, majemarsu tana wari kamar kowace majema, amma mutane daga ko'ina a duniya suna biyan kuɗin jirgi su je, kuma masu shagunan fata da ke kewaye da majemar su ne suke hawa da baƙi saman bene su nuna musu aikin, daga nan a sauko a yi ciniki. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1981. Mu kuwa badalarmu, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, tana jerin masu jiran shiga tun 2007, kuma a tsawon wannan jira kowa ya ga yadda ake yanka ta ana gini. Kada mu ƙara Kurmi a kan abin da muka riga muka yi asara.

Hajiya daga Gwale:

Allah ya gafarta Malam, tarihin ya yi daɗi, amma ku ba ni dama in sauko da maganar ƙasa. A danginmu ni ake danƙa wa kuɗin lefe da na kayan ɗaki, saboda haka a shekara nakan yi sayayyar aure uku ko huɗu. A da ba na haɗa kaya ban shiga Kurmi ba, domin can nake samun turaren wuta da lalle da kwalli, da faifai da ƙore da tabarmi, da kayan ƙamshi irin su kanumfari da masoro da kimba a farashin da ya fi na unguwa sauƙi. Yanzu shekara biyu ke nan ban taka ba, kuma ba domin na daina son kayan ba ne.

Dalili na farko, wanda maza ba sa kawo shi a lissafi saboda bai dame su ba, shi ne makewayi. Mace ta baro gida tun ƙarfe goma, ga yaro a baya ko ga tsohuwa tana rakiya, idan buƙata ta kama babu wuri mai tsafta mai ƙofa da za ta shiga hankali kwance, babu kuma inda za ta yi alwala ta yi sallah a suturce. Saboda haka sai ta taƙaita zamanta, kuma mace mai sauri ba ta sayen abin da ba shi ya kawo ta ba. Na biyu shi ne kwata. Da damina sai kin tattare zani kina tsallake ruwa mai wari, kuma wanda ya bi ta wajen Jakara bayan an ɗauke ruwan sama ba sai an yi masa bayani ba. Na uku shi ne samarin da suke tare mutum tun daga bakin hanya suna tambayar me ake nema, su bi ki har rumfa, sannan mai kaya ya ɗora la'adarsu a kan kuɗin da zai gaya miki. Na taɓa taya wata jakar fata aka ce albarka, washegari na aiki ɗana shi kaɗai cikin kayan makaranta ya sayo ta da ragi mai yawa a kan abin da na taya. Tun daga ranar zuciyata ta sosu.

Yanzu akwai mata a gidajensu da suke saro irin waɗannan kaya, wataƙila ma a hannunku, su ɗora hotuna a WhatsApp da Instagram da farashi a rubuce, in tura kuɗi, a kawo mini har gida. Na san ina biyan ƙari, amma na huta. Alhaji, ba Turawa ne suka gudu suka bar ku da rumfa ba kowa ba, mu ne, matan garin nan masu aurar da 'ya'ya.

Direban A Daidaita Sahu:

Hajiya ta faɗi nata, ni kuma bari in faɗi abin da nake gani daga kan hanya, domin mu ne muke kawo yawancin masu sayen. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, A Daidaita Sahu ne ƙafar talaka, kuma shi ba ya kurɗawa inda babur yake kurɗawa. Idan fasinja ya ce mini Kurmi da tsakar rana, gaskiya nakan ƙara masa kuɗi ko in ce ba can na nufa ba, saboda man da zan ƙona a tsaye a cikin cunkoso ya fi abin da zai ba ni, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Cunkoson nan kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Mai shago ya fito da kayansa ya cinye gefen titi, mai tebur ya kafa a gabansa, motar kaya ta zo ta tsaya saukewa da ƙarfe goma sha ɗaya, mu ma direbobi muna da namu laifin, kowa ya tsaya inda ya ga dama domin babu wurin da aka ware aka ce nan ne na sauke fasinja. An taɓa kama ni aka ci ni tara saboda na tsaya wata tsohuwa ta sauka, na tambaya a nuna mini inda ya halatta in tsaya, babu wanda ya iya nuna mini. Da za a ce motocin kaya su yi saukewarsu daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas, a ware mana matsaya biyu ko uku masu alama a bakin kasuwar, a kuma samu fili mai mai gadi a wajejen ƙofofin gari inda masu motoci za su ajiye su shigo da mu a kan kuɗi tsayayye, da rabin matsalar hanya ta kau ba tare da an rushe ɗakin kowa ba.

Ɗan Kwari:

Ina gaida dattawan zaure. Ni atamfa da shadda nake sayarwa a Kwari, kuma ina son in gyara wani zato. Cikar da kuke gani a wajenmu ba ta nufin muna cikin daula. Mun ɗanɗana lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a 2019, mun sake ɗanɗanawa da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023, ga ambaliyar da ta shiga shaguna a daminar 2022 ta lalata dukiya, wadda ita ma tushenta toshewar magudanan ruwa da gini a kan hanyar ruwa. Saboda haka maganar kwata da Hajiya ta yi ba ta Kurmi kaɗai ba ce.

Amma ga abin da nake ganin Alhaji zai amfana da shi. Baƙin da suke cika Kwari 'yan sari ne daga Maraɗi da Damagaram da Agadas, daga Chadi da Kamaru, da kuma jihohin ƙasar nan. Mutum zai gama zaɓen kayansa kafin azahar, sannan ya zauna a kan benci sa'a uku ko huɗu yana jiran a ɗaure dila a kai tasha. Waɗannan mutane da kuɗi a jikinsu, kuma kowannensu yana son ya koma gida da tsaraba. Sau da yawa baƙo yakan tambaye ni inda zai samu takalmin fata mai kyau ko sirdi ko littafin addini, in ce masa Kurmi, ya ce wa zai kai shi, ni kuma ba zan bar shago ba. Tun da nake ban taɓa ganin wani daga Kurmi ya zo ya ajiye mana ko ɗan kati mai lambar waya da bayanin abin da yake sayarwa ba. Muna ta maganar masu yawon buɗe ido daga Turai, waɗanda ƙafarsu ta ɗauke tun hare-haren da aka kai Kano a 2012, alhali ga baƙi a ƙofar gida suna hamma a kan benci.

Sai dai in faɗa wa 'yan uwana na Kurmi wata gaskiya. Idan baƙon ya zo ya tarar rumfa cike da kayan roba da jakunkunan China irin waɗanda ya baro a Wambai da Sabon Gari, ba zai sake dawowa ba.

Marini daga Ƙofar Mata:

Maganar ƙarshe ta ɗan uwana na Kwari ta taɓa ni. Marinarmu ana lissafa kafuwarta tun 1498, kuma har yau da baba da toka muke haɗa shuni a cikin rijiyoyin da kakanninmu suka bari, amma duk wanda ya leƙo zai ga waɗanda suke aiki ba su kai waɗanda suka bushe ba. Baƙi suna zuwa, ba na musu. Ana kawo ɗaliban makarantu, ana kawo manyan baƙin gwamnati, a ɗauki hoto da mu hannu dumu-dumu cikin shuni, a yi mana godiya a tafi. Hoto kuwa ba ya sayen baba.

Laifin ba na baƙin kaɗai ba ne. Mun saba rina dogon ƙyalle, shi kuwa ɗalibi ko matar da ta zo kallo ba ta da kuɗinsa, ba ta ma san me za ta yi da shi ba. Da 'ya'yanmu suka fara ɗinka ƙananan abubuwa da rinannen yadi, irin su ɗankwali da rigar yara da jakar hannu da rigar matashin kujera, sai muka ga wanda ya zo kallo yana fita da abu a hannu. Abin da nake fata shi ne mu haɗa kai da dukawa da maɗinka na cikin Kurmi, jaka ta zama fatarta taku ce, ƙyallenta namu, a sayar a wajenku a sayar a wajenmu, wanda ya zo marina mu tura shi Kurmi, wanda ya zo Kurmi ku turo mana shi ya ga inda aka yi rinin har ya ji ƙarar 'yan bugu.

Ɗan Bakin Kasuwa:

Na gode ƙwarai, kuma Hajiya, maganarki ta shige ni, na karɓi laifin makewayi da na 'yan tare hanya ba tare da gardama ba. Amma a kan farashi ina da ja. Tayi da albarka su ne kasuwa tun kaka da kakanni, a cikinsu ake gaisawa, a san juna, a yi ragi, a yi gyara. Idan na manna wa kowace jaka takarda, maƙwabcina zai leƙo ya karanta ya rage naira ɗari biyu ya janye mini mai saye. Kuma fata ba kamar kayan kamfani ba ce, jaka biyu masu kama ɗaya sai ki tarar jimar ɗaya ta fi ta ɗaya nesa ba kusa ba.

Hajiya daga Gwale:

Alhaji, ban ce a kashe tayi ba, ni ma ina jin daɗinsa, kuma ba na jin na yi sayayya idan ban ja ba. Abin da nake ƙi shi ne a dubi mayafina da wayar hannuna kafin a yanka mini kuɗi. A rubuta inda za a fara, sannan mu daidaita a kai. Idan jimar wannan ta fi ta waccan, ka ajiye su gefe da gefe ka nuna mini bambancin, zan biya da daɗin rai, gobe ma in turo maka ƙanwata.

Ma'aikaciyar otal a Nasarawa:

Ina neman izinin iyayena in sa baki. A wurin karɓar baƙi nake aiki, kuma kusan kowane mako sai wani ya tambaye ni inda zai je ya ga gari: ma'aikatan ƙungiyoyi, mutanen Legas da Abuja da suka zo taro ko ɗaurin aure, da waɗanda suke zuwa kasuwar baje koli ta ƙarshen shekara. Nakan lissafa musu gidan tarihi na Gidan Makama da marina da Kurmi da Dala, sai tambaya ta biyu ta biyo baya, wato wa zai raka su kuma nawa ne, a nan nake yin shiru, domin ba ni da sunan wani amintacce da zan ba da in kwana da hankalina. Da yawansu daga ƙarshe kilishi kawai suke aikawa a sayo musu, su wuce filin jirgi.

Abin da nake gani shi ne a samu matasan unguwannin cikin birni, ko goma ne, a koya musu tarihin wuraren daidai ba tatsuniya ba, a ba su katin shaida da sa hannun masu unguwanni da shugabannin kasuwa, a tsayar da kuɗin rakiya, a kawo mana lambobinsu otal-otal. Hanyar ma a shirye take: a fara da marinar Ƙofar Mata da safe, a wuce Gidan Makama, a tsaya a Ƙofar Kudu a ga fada da babban masallaci, a shiga Kurmi a yi sayayya, a ci gurasa bandashe ta Jakara, a hau Dala da la'asar sakaliya a ga birnin gaba ɗaya. Samarin da Hajiya take kuka da su, wasunsu da za a ba su wannan aikin da sun daina tare hanya. Sannan a watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake taskacewa, kuma duk lokacin hawa ɗakunanmu cika suke, amma babu wanda ya taɓa kawo mana wani tsari na abin da baƙon zai yi da safiyar ranar Hawan Daushe kafin a fito da yamma. Ina ma a ce a irin waɗannan ranaku kasuwar tana kaiwa dare da fitilu masu aiki da hasken rana.

Tsohon Ma'aikaci daga Yakasai:

'Yata, shawararki ta rakiya ta yi, amma maganar dare a bi ta a hankali. Cikin birni ba filin kallo ba ne, gidajen mutane ne, da zaurukansu da makarantun allo da matan aure a ciki. Duk tsarin da za a yi, sai an zauna da masu unguwanni da limamai tun farko, a gaya wa baƙo irin shigar da ta dace, da cewa ba a ɗaukar hoton mace ko na cikin gida sai da izini, kuma idan an kira sallah ciniki yana tsayawa. Idan mutanen unguwa suka ji an mayar da su abin kallo ba tare da sun amfana ba, su da kansu za su kashe abin.

Na biyu, ba a gayyatar jama'a wuri da dare sai an tabbatar za su koma gida da wayoyinsu. Kowa ya san yadda ƙwacen waya ya addabi garin nan, kuma baƙo ɗaya da aka yi wa rauni ya isa ya rushe aikin shekara. Na uku ita ce gobara. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 ba zai so a ƙara cusa jama'a da janareto da wayoyin lantarki barkatai a lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga ba. Na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati, na ga kwamitoci da yawa da aka kafa da buki aka binne babu jana'iza, saboda an fara da babban buri. Ku ɗauki layi ɗaya tak, ku yashe kwatarsa, ku gina makewayi ɗaya na mata da mai kula da shi wadda ake biya, ku sa fitila, ku ajiye tukunyar kashe wuta. Idan cinikin wannan layin ya motsa, sauran layukan ba sai an yi musu wa'azi ba.

Mazaunin Hotoro:

Baba, na ji, kuma na janye maganar rushewa, domin hujjar Malam a kan benayen da suke zaune babu kowa ta kama ni. Amma ina nan a kan cewa ba za a tsira da aikin gayya kaɗai ba. Rumfa ɗaya a Kurmi sai ka tarar magada goma ne suke da ita, wanda yake zaune a ciki haya yake biya, ba zai zuba kuɗinsa a gyaran abin da ba nasa ba. Babbar magudanar ruwa kuma da hanyoyin shigowa ba aikin 'yan layi ba ne, aikin hukuma ne, kuma ana karɓar haraji a kasuwar nan. Kafin a ce 'yan kasuwa su sake yin karo-karo, ya kamata shugabanninsu su nemi a zauna a gaya musu abin da ake tarawa a shekara da kason da yake dawowa cikin kasuwar.

Malamin Tarihi:

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma a rubuce ya kamata a yi ta. Ina son kawai in ja hankalin 'yarmu ta otal cewa kada a jingina komai a kan hawa. Sau biyu ne a shekara, kuma mun ga shekarun da aka dakatar da shi, na annobar korona da na bayanta, masu sirdi da masu kayan doki su ne shaida a kan abin da hakan ya jawo musu. Baƙin da ba sa yankewa su ne ɗaliban makarantun garin nan, waɗanda da yawansu an haife su a Kano amma ba su taɓa hawa Dala ba. Ni zan iya ɗaukar nauyin koyar da matasan rakiyar kyauta a ranakun Asabar, in kuma rubuta taƙaitaccen bayanin kowane wuri da Hausa, wani ya taimaka da Turanci da Faransanci saboda baƙinmu na Nijar da Chadi.

Ɗan Bakin Kasuwa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maƙwabtana uku abin da aka rubuta, biyu sun yarda, ɗaya ya ce shi ba zai rubuta farashi ba ko za a yi me, na ce masa babu tilas. Mun tsayar da cewa ranar Alhamis bayan la'asar za mu tara 'yan layinmu, mu goma sha huɗu ne, mu fara da maganar kwata da makewayin mata, akwai wani kango a ƙarshen layin da za mu nemi magadansa. Takardar tambayar haraji kuma zan kai wa shugabannin kasuwa da hannuna, sai dai ina roƙon Baba na Yakasai ya duba mana lafazinta kafin a buga, kada mu rubuta abin da zai zama rigima.

Ɗan uwana na Kwari, zan kawo maka katuna ranar Asabar, ka faɗa mini lokacin da shago yake lafawa. Malam marini, ka turo mini yadi biyu na rinin da ba ya zuba, in gwada jaka uku mu ga yadda za su karɓu. Shi kuma direbanmu, idan baƙo huɗu ne daga bakin Kwari zuwa Kurmi, ka jira su sa'a ɗaya ka mayar da su, nawa za ka yi mana?